Ni da Fawwaz a Tandabawi

Fasfona ne abu na farko da na rasa a Saudiyya. Ko gama fita daga filin jirgin Jidda ba mu yi ba, wani mutum mai jallabiya ruwan toka, wanda aka ce wakilin hajiyar da ta yi mana hanya ne daga Kano, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓa. Ya ce ajiye mana zai yi kada su ɓata. Ban ƙara ganin nawa ba, shi ma ban ƙara ganinsa ba.

Sunana Zulai, 'yar Kazaure ce ni. Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, aurena ya mutu, na bar 'yata Nana a hannun mahaifiyata, ban daɗe da yaye ta ba. Bizar Umara aka yi mana, amma duk wadda ke cikin tafiyar nan ta san aikatau muka zo.

Gidan da aka kai ni bene ne babba, ni kaɗai ce 'yar aiki. Shara, guga, wanke-wanke, wankin banɗaki, ga wata tsohuwa da ba ta iya tashi sai an ɗaga an kwantar. Ba na jin Larabci, da hannu ake nuna mini aiki, in na kuskure a daka mini tsawa. Tsohuwar ce kaɗai ke kallon fuskata. Takan ɓoye dabino a ƙarƙashin matashinta, in na zo juya ta sai ta cusa mini a tafin hannu ta rufe da nata. Albashi kuwa, duk ƙarshen wata matar gidan sai ta ce ta ba wakili, ana cire kuɗin jirgi. Har na bar gidan ba a gama cirewa ba.

Hannuwana ne suka fitar da ni. Maganin wanke banɗakinsu yana da ƙarfi, ba a kuma ba ni safar hannu ba. Fatar ta tsattsage tana fitar da ruwa. Ranar da matar gidan ta lura, ta ja da baya tana toshe hanci, ta ce wata cuta na kwaso daga ƙasarmu. Washegari ta sa direbanta, wani ɗan Sudan, ya fitar da ni. Bai san inda zai kai ni ba, ni ma ban sani ba. Ya yi ta zagaye da ni a gari, can ya tsaya inda motocin Makka ke lodi, ya yi magana da wani direba, ya biya daga aljihunsa. Ya ce mini da 'yar Hausar da ya tsinta, “Makka akwai Hausa da yawa. Je ki.”

Kafin shingen bincike aka sauke mu, mu marasa takarda, muka zagaya ta bayan duwatsu da ƙafa rana tana dukanmu, motar ta jira mu a gaba. Haka na shiga garin da tun ina yarinya nake roƙon Allah Ya kai ni.

A Harami na zauna, don nan ne kaɗai ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi. Lokacin ana ta aikin faɗaɗa masallacin, manyan ƙarafan ɗaga kaya sun kewaye sama, ga ƙura ga ƙarar injina. Da na ga Ka'aba na yi kuka, amma ba irin kukan da alhazai ke ba da labari ba, nawa na yunwa ne da tsoro. Nakan cika cikina da zamzam in jira masu rabon sadaka. In na gyangyaɗa, mata masu gadi su zungure ni su ce in tashi. Ina da wata 'yar ƙaramar waya da na zo da ita daga gida. Babu kuɗin kira a ciki, amma akwai hotunan Nana, da muryarta da na ɗauka tana dariya tana cewa, “Mama, zo.” Sai in lulluɓe da mayafi in kara a kunne.

A wajen masallaci, inda tattabaru ke sauka, na haɗu da Hajja Kaltume. Tsohuwa ce siririya, tana zaune a ƙasa da ƙullin hatsi a gabanta, baƙi suna saya suna watsa wa tsuntsaye. Na ji tana yi wa wata tattabara faɗa da Hausa, sai na tsaya. Ba fuskata ta kalla ba, hannuna ta kalla.

“'Yar nan, daga gidan wa aka koro ki?”

Na ba ta labari a tsaye. Da na gama ta turo mini buhun hatsinta da ƙafa.

“Ɗauki wannan. Gwiwata ba ta son hawa.”

Gidanta yana Tandabawi, tsohuwar unguwa ce da ba ta da nisa da Harami, gidajen sun hau jikin dutse. Mota ba ta shiga lungunmu, sai a yi ta hawan matattakala, kyanwoyi suna bin bola, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a kan mutum. Ɗaki biyu ne da wani ɗan akurki a saman rufi. Hajja tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Hausa ta Cadi da Sudan, suka mutu a nan. Ba ta da igama, wato takardar zama, ba ta kuma san kowa a gida ba. Ta shafa mini man zaitun da lalle a hannu, ta naɗe da tsumma, sannan ta ce, kamar mai maganar farashin hatsi:

“Ki riƙa kwana da kayanki a ƙarƙashin kai. Jikana ɓarawo ne.”

Fawwaz ke nan. Dogo ne, ramamme, da tabo a kan girarsa ta hagu. Sa'ana ne ko in girme shi kaɗan. A Makka aka haife shi, uwarsa ta rasu wajen haihuwar ƙaninsa, jaririn ma bai zauna ba. Larabci ne harshensa, Hausarsa kuwa a karye take, har “kai” yake ce mini. Yana da babur da abokai, aikinsu fizgen waya da jakar baƙi, abin da suka samu su sayi ƙwaya. In ya sha, idonsa ya yi ja, ya kwana biyu bai runtsa ba, ya zo yana dukan ƙofa yana zagin kakarsa. In ta sake shi kuma ya kwanta a akurkinsa kamar gawa. Mutanen lungu in sun hango shi sukan janye 'ya'yansu. Ni ma ina jin takunsa nake shigewa ɗaki.

Wata rana da hantsi na sa wayata a caji na shiga wanka. Da na fito babu ita.

Ban san inda na samu ƙarfin zuciya ba. Na saka abayata na sauka har bakin titi inda suke zama a kan baburansu. Na tsaya a gabansa.

“Fawwaz, ina wayata?”

Ya ɗaga kafaɗa ya ce da Larabci bai sani ba. Abokansa suka fara dariya.

“Wayar ba ta da daraja,” na ce. “Ka riƙe ta. Amma 'yata tana ciki. Hotonta da muryarta. Ba ni da wani.”

Ban yi ihu ba, ban zage shi ba. Hawaye ne kawai suka ƙi tsayawa, na juya na hau matattakala, dariyarsu tana bina.

Da la'asar sai ga shi da wata babbar waya mai gilashi, sabuwa fil. Ya ajiye a gabana.

“Karɓa. Wannan ya fi naka.”

“Ta wace ce?”

Ya kawar da kai gefe.

“Ita ma wataƙila 'yarta tana ciki. Ɗauke abinka.”

Ya daɗe a tsaye yana kallona kamar na yi masa wani yare. Sannan ya ɗauka ya fita. Bai dawo ba sai bayan kwanaki, leɓensa a kumbure, rigarsa a yage. Ya bi wayata daga hannu zuwa hannu har shagon wani mai gyara, ya tarar an riga an goge komai. Faɗan da ya yi a can ne ya fasa masa baki. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

“An goge,” ya ce. “Ki yafe.”

Ban yafe ba a ranar. Na juya masa baya.

Bayan haka ne na fara tarar da jarkokin ruwanmu a cike a bakin ƙofa. Ruwa a lungunmu sai an sauka ƙasa an ɗauko, da ni ce mai ɗaukowa. Bai taɓa cewa shi ne ba. Wata rana ina tsince wa Hajja hatsi a bakin ƙofa, ya zauna can nesa a kan matattakala.

“Yaya sunanta?”

“Wa?”

“Yarinya.”

Na faɗa masa. Ya tambayi kamanninta, na kwatanta. Ina kwatantawa na ga ashe ban manta komai ba, har 'yar wushiryar da ke tsakanin haƙoranta.

Daga nan hira ta fara shiga tsakaninmu, kullum a bakin ƙofa, Hajja tana zaune tana jinmu. Ina gyara masa Hausa, yana koya mini Larabcin kasuwa. A hankali ya ba ni labarinsa. Yana ƙarami askarawa, wato 'yan sandan ƙasar, suka kama ubansa a wurin aiki, aka mayar da shi Afirka, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ya fara makaranta, aka ce ya kawo takarda, babu, aka sallame shi. Yaran unguwa suna kiransa takari, su ce ya koma ƙasarsu. “Wace ƙasa?” ya ce mini. “Ni ko Jidda sau nawa na je?” Ya ce an taɓa tsare shi a gidan yara masu laifi, an ɗauki hoton yatsunsa. Ya kuma faɗa mini abin da ko Hajja ba ta sani ba: wata rana sun shiga shagon wani mutum, abokinsa ya soke shi a ciki, shi ne ya tuƙa babur suka gudu. Mutumin bai mutu ba, amma an kama abokin, ya kuma ambaci sunansa. Tun daga nan ake nemansa.

Na ji tsoronsa a ranar fiye da kullum. Amma na lura ina sauraron takunsa a matattakala, ba don in ɓuya ba. Hajja ta riga ni ganewa. Muna hanyar Harami ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Zulai, kada ki ɗauka za ki iya abin da na kasa. Na yi kuka, na yi addu'a a jikin Ka'aba, na ɗaure shi da igiya yana yaro. Ki tsaya a inda kike.”

Na ce to. Amma ban tsaya ba.

Da aikin Hajji ya matso, wani ɗan kwangila, ɗan ƙasarmu, ya zo lungu yana neman masu dafa wa alhazai abinci a Arfa. Na ba da sunana. Na ce da Fawwaz ana neman maza masu ɗaukar kaya. Ya yi dariya, ya ce lokacin Hajji ne kakarsu ke yanke saƙa, a cunkoson kwana ɗaya yana samun abin da ɗan kwangilar zai biya shi a wata. Na ce na sani, na ci gaba da tsintar hatsina. Ranar tafiya na tarar da shi a cikin motar, ya juya fuska wajen taga.

Ban taɓa jin zafi irin na Arfa ba. Tukwanen sun kai mutum ya shiga ya zauna, wuta a ƙasa, rana a sama. Fawwaz yana ɗaukar tukwanen gas da buhunan ƙanƙara daga bakin titi zuwa tantuna. Bai zo da ƙwaya ba, jikinsa kuwa ya nema. Hannunsa yana karkarwa, yana zagayawa bayan tanti ya yi amai ya dawo ya saɓi wani buhun. Abokansa suna ta kiransa, suna jiransa a Muzdalifa inda jama'a za su kwana a fili da jakunkunansu. Na ga ya ciro wayar ya duba, ya mayar, ya sake cirowa. Can ya zo ya jefa ta cikin aljihun abayata. Da yamma ta yi alhazai suka miƙe suna ɗaga hannu suna kuka, ni ina tuƙa tuwo. Ban samu damar ajiye muciya ba, a haka na yi tawa addu'ar.

Muka bi tantuna har Mina, muka wanke tukwane, muka kwashe shara. Da aka gama, ɗan kwangilar ya ce mu dawo bayan hutun Sallah. Muka koma, ya ce gobe. Rana ta ƙarshe ya tsaya a ƙofar gidansa yana sakace, ya ce gwamnati ba ta biya shi ba, wanda bai yarda ba ya kai shi ƙara. Ya san babu mai igama a cikinmu.

Da la'asar ina hawowa gida na ci karo da Fawwaz yana saukowa, hannunsa ɗaya a cikin riga. Na san abin da ke ciki. Matattakalar ba ta da faɗi, sai na zauna a tsakiya.

“Matsa.”

“Ba zan matsa ba.”

“Kin ga halal ɗinki? Kin gani? Na yi amai, na ɗauki kaya kamar jaki. Ga shi.”

“Na gani. Ni ma an cinye mini guminna a Jidda, kana ganin hannuna.”

“To ki bar ni. Ni ba ke ba ne.”

“In ka soke shi fille maka kai za su yi. Hajja ba ta da kowa sai kai. Ni kuma…”

“Ke kuma me?”

Na sunkuyar da kai, ina kallon silifas ɗina. Kunya ta kusa kashe ni, amma na faɗa.

“Ni kuma ban san wa zan aura ba.”

Na ɗauka ya tsallake ni ta gefe. Da na ɗago, yana zaune a matattakalar da ke sama da tawa, wuƙar tana ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya rufe fuska da gwiwar hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Ba zan ce daga ranar ya shiryu ba. A makon nan ya ɓace, ya dawo idonsa jawur, ya fasa mana tagar ɗaki. Na daina yi masa magana, na fara neman wani wurin zama. Shi da kansa ya zo ya miƙa wa Hajja kwaɗo, ya ce mu kulle shi a akurkin saman rufi, ko ya roƙa kada mu buɗe. Ya roƙa kuwa. Ya zage mu da Larabci da Hausa, ya yi ta dukan ƙofa da kai har maƙwabta suka fito. Ina miƙa masa ruwa da kunu ta ƙasan ƙofa, in zauna a waje in jingina da ita, ina jin numfashinsa ta ɗaya gefen. Ranar da ya daina zagi ya ce, “Zulai, ba ni labarin Nana,” na san ya fara dawowa.

Wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatu a Makka, Malam Sani, shi ya ɗaura mana aure a ɗakin Hajja. Shaidu maƙwabta ne, walima dabino da shayi. Babu takarda, don mu duka ba mu da suna a wurin hukuma.

Fawwaz ya sayar da babur ya sayi keken tura marasa lafiya. Yana tura tsofaffin da ba sa iya ɗawafi da Safa da Marwa da ƙafarsu. Ba shi da izini, sau da yawa masu gadi suna korarsa, sau ɗaya suka ƙwace keken sai da muka sake haɗa kuɗin wani. Yakan dawo ƙafafunsa a kumbure, in dafa ruwa in gasa masa. Tsofaffin abokansa suna tofar da yawu in ya wuce, mutanen lungu kuma ba su daina janye 'ya'yansu ba. Wata rana ya ce mini, “Har yanzu in na ga aljihu a buɗe, hannuna yana ƙaiƙayi. Sai in damƙe keken da ƙarfi.” Ya nuna mini tafinsa, duk kanta. Wannan zaman shi ne mafi daɗin abin da na samu a ƙasar, bai kuma daɗe ba.

Hajja Kaltume ta kwanta ciwo da sanyin hunturu, ba ta tashi ba. Aka sallace ta a Harami, Fawwaz yana cikin masu ɗaukar makara. Ni na gaji wurinta a bakin tattabaru. A shekarar ne aka tsananta kamen marasa igama, kullum sai an ji an kwashe wasu. Ina da ciki, ya fara nauyi. Fawwaz ya ce in zauna a gida, na ce ai kekensa kaɗai ba zai riƙe mu ba. Shi ba na jin tsoro a kansa, ya san kowane lungu da kowace katanga a garin, tun yana yaro ba a taɓa cim masa a guje ba.

Da safe suka zo, motoci ta gaba da ta baya. Sauran mata suka watse. Na yunƙura, cikin ya hana ni gudu. Hatsina ya zube, tattabaru suka rufe shi, aka tura ni cikin bas mai raga a taga.

Gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, wani makeken ɗaki ne cike da mata daga ko'ina. Sanyin na'ura yana shiga ƙashi, barguna suna wari, yara suna kuka ba sa fasawa. Aka ɗauki yatsuna, aka ce in na tafi ba ni ba dawowa. Wata 'yar Habasha da ta ɓoye waya a cikin gashinta ta ga yadda nake, ta ba ni aro ba ta nemi komai ba. Na kira Fawwaz.

“Ina zuwa,” ya ce.

“Kada ka zo. Ka ji ni? Suna ɗaukar yatsu a nan. Kada ka zo.”

“Kin ci abinci?”

“Fawwaz, ka rantse mini ba za ka zo ba.”

Ya kashe wayar.

Bayan kwanaki wata mai shara 'yar ƙasarmu ta zo tana tambayar wace ce Zulai matar Fawwaz. Ta ce wani saurayi ya zo bakin ƙofa da ƙafarsa, ya ce shi ba shi da takarda, a haɗa shi da matarsa a mayar da su tare. Askarawan har dariya suka yi, wai ba su saba ganin mai kawo kansa ba. Da aka ɗora yatsunsa a na'ura, tsohuwar maganar shagon nan ta fito. Ba a ko shigar da shi ɓangaren maza ba, aka sa masa ankwa aka wuce da shi kurkuku.

Na sauka a Kano da abayar da aka kama ni da ita, da silifas, da ciki. A Kazaure Nana ta ɓuya a bayan mahaifiyata, ita take kira Mama. Maƙwabta suka shigo yi mini sannu da zuwa, idonsu yana neman akwati, da ba su gani ba ya sauka a kan cikina. Na ce na yi aure, aka ce ina mijin, na ce yana tsare. Aka ce ina shaida. Kawuna ya daina amsa gaisuwata. Mahaifiyata kaɗai ta ce, “Na yarda da ke,” ita ma a ɗaki ta faɗa. Sai da na haihu, namiji, aka sa masa Abdullahi ba tare da wani taro ba, sannan Malam Sani ya zo hutu gida. Ya samu labari, ya hau mota tun daga Zariya har ƙofar gidanmu, ya zauna a gaban kawuna da limamin unguwa ya ce shi ya ɗaura auren da bakinsa. Ko ruwa bai tsaya sha sosai ba ya juya.

Na kama suyar awara a ƙofar gida. Can ba a rasa ba Fawwaz yakan samu waya ya kira, muryarsa tana nisa, ba ya faɗin abin da ake yi masa. An yanke masa shekaru da bulala. Manema suka fito, aka ce in kai ƙara a raba auren, ba a jiran ɗan kurkuku, balle wanda ba shi da ƙasa. Akwai ranakun da na kusa yarda.

Abdullahi ya fara zuwa Islamiyya lokacin da kiran ya zo cewa an sako Fawwaz, za a maido shi. Na saka wa yaron sabuwar riga muka tafi filin jirgin Kano. A wata ƙofa ta gefe ake fito da 'yan tarhil, muka tsaya a rana tare da wasu masu jira. Sai da ya zo dab da ni na gane shi. Ya ƙara ramewa, gashinsa ya fara fari, haƙoransa biyu na gaba babu. Jallabiya ce a jikinsa, hannunsa riƙe da leda. Ya tsaya yana kallon yaron. Abdullahi ya ƙanƙame ƙafata ya ƙi zuwa. Fawwaz bai matsa masa ba, ya tsuguna a ƙasa ya buɗe ledar, ya ciro ɗan kwalin lemon da aka ba shi a jirgi, bai sha ba. Yaron ya karɓa ya koma bayana.

A motar Kazaure aka matse mu a baya, Abdullahi a cinyata. Damina ce, ko'ina kore. Fawwaz yana ta kallon waje, yana tari a hankali. Ya ce da jami'an ƙasashe suka zo tantance su, an so a tura shi Cadi, sai ya ce shi mutumin Kazaure ne, ya faɗi unguwarmu da sunan mahaifiyata. Muka wuce Ɗambatta. Sannan na yi tambayar da na daɗe ina riƙe da ita.

“Ka san yatsunka za su fito?”

“Na sani.”

“Na ce kada ka zo.”

“Kin ce.”

“To me ya sa?”

Ya nemo kalmomin da Hausa ɗaya bayan ɗaya.

“In na gudu, ke kina nan, ni ina can, har mutuwa. In na shiga, akwai ranar fita.”

Motar ta faɗa wani rami, Abdullahi da ya yi barci ya zame daga jikina, kansa ya sauka a kan hannun ubansa. Fawwaz ya ƙame. Bai motsa hannun ba har muka shiga gari.